Ɗan Tsegumin Motar Baba Nomau

Aikin da ya sa aka san ni a tashar Illela ɗan akwati ne baƙi, bai fi sabulun wanki girma ba, da ƙananan fitilu ja a jere a goshinsa, da igiya guda wadda ake cusawa a ramin kunna taba na mota. Ku samarin da kuke zama a bencin rumfata kuna cewa aikin rewaya ai haɗa ja da ja ne, baƙi da baƙi, a naɗe da salatif, ku saurara. Zan faɗi abin da na yi da wannan akwati, in haɗa da wuraren da na yi ɓarna, don a shekaruna babu sauran wanda zan yi wa kwalliya.

Sunana Mamman, a tasha Mamman Rewaya. Boko iyakata firamare. Sana'ar a Sakkwato na koye ta, wajen wani Bayarabe da muke kira Baba Lamidi, Allah ya jiƙansa. Aikin farko da ya ba ni wayoyin wata tsohuwar babbar mota ne da suka ƙone suka manne da juna kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Ya ce in raba su ɗaya-ɗaya, in gaya masa inda kowace ta fito da inda za ta. Launi duk ya tafi, hayaƙi ya mai da su baƙaƙe. Abin da ya miƙo mini kawai ƙwan gwaji ne, wato ƙwan fitilar mota da aka liƙa wa waya biyu. Ka ɗora ɗaya a jikin ƙarfe, ka taɓa ɗayar inda kake zato, in ya kama akwai wuta. Sauran kayan aikinmu filaya ce, da sukudireba, da ƙarfen dalma da muke gasawa a garwashi, da tsohon tib na keke da muke yankawa siri-siri idan salatif ya yi wuya. Na daɗe a kan wayoyin nan ina ƙunƙuni. Halina tun lokacin gaggawa ce da son a ce na iya. Idan fis ya ƙone, maimakon in nemi abin da ya ƙona shi, sai in naɗa masa takardar azurfa ta kwalin taba in mayar. Baba Lamidi ya sha bugun hannuna a kan haka, kuma ban daina ba sai da na buɗe rumfata a Illela na ƙona wa wani bawan Allah wayoyin motarsa kaf. Shi dai ya yafe, saura na Allah.

A farkon shekarun tamanin Turawa kan keto hamada da tsofaffin motoci, su sayar a Nijar, su hau jirgi su koma gida. Wasu motocin sukan gangaro har Birnin Ƙonni, nan ƙetaren boda. A can Alhaji Sahabi, mai fataucin albasa, ya sayi wata wagon ƙirar Faransa, ya yi mata takardu, ya sa ta layin Illela zuwa Sakkwato. Makullin ya damƙa shi a hannun Baba Nomau, mutumin Amarawa, dattijo mai furfura wanda ya fara tuƙi tun hanyar tana burji. Ba ya gudu, ba ya zagi. Mata masu goyo sukan bar mota ta cika ta tashi don su jira tasa. Da aka kawo mini motar in duba fitilunta, sai na tarar da akwatin nan manne a saman dashbod. Na cusa igiyarsa, ya yi wani kuka siriri kamar na ɗan tsako, fitilun suka bi juna a guje, ya yi shiru. Na zare na sake cusawa, ya sake yi. Ba wanda ya san amfaninsa, aka bar shi a wurin don ado.

Ba a jima ba labari ya cika tasha. Wai duk lokacin da motar ta doshi shingen kwastan da ke bakin Sakkwato, tun kafin a hango shi, akwatin sai ya fara kuka da kansa. Nan da nan 'yan kamasho suka raɗa masa suna ɗan tsegumi, suka ce yana jin warin kwastan. Masu ƙananan kaya daga Ƙonni, 'yar atamfa, ɗan turare, suka rinƙa rububin motar. Wata rana aka je aka tarar an ɗage shingen, babu ko mutum ɗaya, kuma akwatin ya yi kukansa yadda ya saba. Sai mutane suka ce to lalle sun ɓuya ne a bayan bishiya.

Ni na san gaskiya. Wani dillalin motoci a Ƙonni mai jin Faransanci ya gaya mini abin da Baturen da ya sayar da motar ya ce. A ƙasarsu 'yan sanda suna da na'ura mai suna rada, tana harba wata iska da ido ba ya gani don ta auna gudun mota. Akwatin yana jin iskar tun daga nesa, ya yi kuka, direba ya rage gudu. Mu kuwa a hanyarmu ba wanda ya taɓa ganin rada. Da na bi motar sau ɗaya na lura, kusa da shingen nan akwai doguwar hasumiyar ƙarfe ta wayar tarho, mai farantai a samanta. Ita yake ji. Amma ban faɗa wa kowa ba. Da an tambaye ni sai in kaɗa kai in ce abin Turawa sai su, saboda mutane suna taruwa a rumfata duk ranar da motar ta zo, ni kuma ina son taro. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Sai shekarar da aka rufe boda ta zo, ta haɗu da fari. Ku ba ku gan ta ba. Tashar da ba ka samun wurin taka ƙafa ranar Lahadi ta koma awaki ke kwana a inuwar motoci. Masu canjin sefa suka naɗe tabarminsu. Gero ya yi wuya, tafkin Kalmalo ya ja baya har yara suna tafiya a inda da ake jefa taru. Ni nakan wuni ban taɓa waya ba sai in wani ya kawo rediyo ko tocila. Kayan gyara kuma suka ɓace a kasuwa. Motar da injinta ya buga sai a ɗora ta a kan duwatsu, a cire tayoyin a sayar, shi ke nan ta gama.

A cikin wannan hali Baba Nomau ya dafa injin motar. Ruwa ya ƙare a lagireto yana tafe, bai ankara ba sai da hayaƙi ya taso, gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Alhaji Sahabi ya sha wuya kafin ya samo wani daga Kano. Ranar da aka tada motar, a gaban mutane ya ce masa, “Nomau, ka girme ni, ina jin kunyarka. Amma in wagga mota ta sake tafasa, makullina nika so. Ka jiya?” Baba Nomau ya ce ya ji. Gidansa cike yake da baki, gona ba ta ba da komai ba, kuma ba mai ba dattijo sabon makulli a shekarar da samari ma ke zaune.

Bayan kwana kaɗan ya shigo rumfata da hantsi, ya jira har wanda ke zaune ya tashi.

“Mamman, so nika yi ka canza min ƙwan ga na cikin agogon mota, ka sa babba.”

“Baba, ai da rana kake tuƙi. Mi za ka yi da ƙwai?”

“Kai dai sa.”

Na shiga na zauna a gefensa. Motar a kashe take, allurar zafi tana kwance can ƙasa. Na ce, “Baba, yanzu allurar tana ina?” Ya ja kansa baya, ya runtse ido, ya ce tana tsakiya. Na ce masa ai ba a kunna motar ba. Ya rinƙa murza sitiyari da babban yatsa.

“Ɗana, ka ga raƙumin can bakin kasuwa? Ina iya gaya maka wanda ka jan shi. Amma abin da ad gabana, kamar an zuba ruwa bisa rubutun allo.”

“Tabarau fa?”

“Na gwada na liman. Allura ta hito, hanya ta ɓace. Kuma wa ka shiga motar direba mai gilashin asibiti? 'Yan kamasho su ka fara yi min waƙa. Kak ka bari Alhaji shi ji.”

Ina kallon dashbod sai idona ya faɗa kan ɗan tsegumi. Kunnen Baba Nomau lafiya lau yake, yana jin filogi ɗaya ya daina ci tun daga nesa. Akwatin kuwa na san halinsa, duk lokacin da wuta ta shige shi sai ya yi kuka. Abin da ya rage shi ne in sa wutar ta shige shi lokacin da inji ya yi zafi kawai.

Gwajin farko gaggawata ta ɓata shi. Irin wannan mota tana da wani makunni a jikin lagireto, idan ruwa ya ɗumama ya haɗa wuta fanka ta kama. Sai na yanke igiyar akwatin na jona ta a nan, na ce masa an gama. Ban tsaya na yi tunanin cewa fanka tana kamawa tana saki ko da inji lafiya yake ba. Kashegari ya dawo daga Sakkwato ransa a ɓace. Ya ce tun daga Illela abin yake ihu, ya tsaya ya buɗe bonet har ya gaji, wata tsohuwa a baya ta ce ko a cire shi ko a sauke ta. Ya ce, “Mamman, taimako na roƙa, ba makaɗi ba.” Na ba shi haƙuri, na zare wayar, na ce ya ba ni lokaci.

Aikin na gaskiya a teburin mai shayi na yi shi. Na bi motocin da ke kan duwatsu na kwance makunnan zafi iri-iri, na Faransa da na Jamus da na Japan, na cika aljihu. Na roƙi Ɗan Garu mai shayi ya ara mini tsohuwar butarsa. Sai in ɗaura wa makunni ƙwan gwaji da batir, in tsoma shi a ruwa, in ɗora a wuta in zuba ido. Wani da ruwa ya fara ɗumi ya kama, in jefar. Wani har ruwa ya ƙone bai kama ba, in jefar. Masu shan shayi suna ta tsiya, wani ya ce yunwa ta sa Mamman ya fara dafa ƙarfe, wani ya ce a miƙo masa yaji. Daga ƙarshe na sami guda wanda ba ya kamawa sai ruwa ya tafasa sosai yana tsalle. Na maimaita har na amince da shi.

Saura inda za a ɗaura shi, kuma a nan ne aikin yake. Mai koyo zai tsoma shi a ruwan inji, don can ake sa irinsa. To idan tiyo ya fashe ruwan ya zube fa? Makunnin sai ya zauna a iska, inji yana cin wuta shi bai sani ba. Don haka na sa maƙeri ya buga mini ɗan falle na jan ƙarfe, na ɗaure makunnin a jikinsa, na matse fallen a ƙarƙashin noti a kan injin kansa. Ko da ruwa ko babu, zafin ƙarfen zai ji. Sai matsala ta biyu: akwatin kuka ɗaya yake yi ya yi shiru, mai tuƙi a cikin surutun fasinja zai iya rasa shi. Na samo filasha, wato abin da ke sa sigina ƙyaftawa, na bi da wutar ta cikinsa. Yanzu wuta tana zuwa tana ɗaukewa, shi kuma duk zuwa sai ya yi kuka, ba ya gajiya. Na sa masa fis nasa na kirki. Muka toshe gaban lagireto da buhu, muka bar mota tana aiki a tsaye, allura ta hau ta kusa ja, sai ga kukan. Baba Nomau ya kashe mota, ya kama hannuna ya riƙe.

Amma fa tun daga ranar ɗan tsegumi ya daina kuka a bakin Sakkwato, tunda babu wuta a jikinsa sai an yi zafi. Tasha ta ɗauka cewa Mamman ya kashe shi. Masu 'yan kayan da ke bin ɓarauniyar hanya daga Ƙonni, su ne kusan fasinjan da suka rage a shekarar, suka fara shiga wasu motoci. Alhaji Sahabi ya tako har rumfata.

“Wa yas sa ka taɓa min kaya?”

“Alhaji, gyara shi na yi. Yanzu zafin inji yake faɗi.”

“Allurar da ke gaban direba fa, aikin mi takai? Ka mai da shi yadda ka ishe shi.”

Amsar tana bakina, amma ba tawa ba ce, sirrin Baba Nomau ne. Na ce masa kwastan ɗin ma bai taɓa jin su ba, hasumiya yake ji. Ya dube ni ya ce yau na sani ke nan, da can da nake kaɗa kai fa? Na roƙe shi ya ba ni zuwa bayan kasuwa, ya tafi yana faɗa.

Ranar Litinin, kashegarin kasuwa, na shiga motar zan je Sakkwato neman dalma. Bazara ce, kujera ma ƙuna take yi. Alhaji Sahabi da kansa yana gidan gaba, ni ina can baya a matse tsakanin wani mai fata da wata mata mai jiki da ake kira Hajiya Kulu. Mun wuce Gwadabawa da ɗan nisa, babu gari babu inuwa, sai akwatin ya ɗauki kuka, fitilunsa suna gudu.

Mota ta rikice, kowa ya ɗauka kwastan ne. Hajiya Kulu ta fara salati tana cusa wani ƙulli a ƙarƙashin cinyata, ta ce in zauna a kai don Allah, ni ba a san ni da kaya ba. Sai a lokacin na gane rabin jikin nata atamfa ce ta naɗa. Mai fata ya ce a juya. Baba Nomau ya gangara gefen hanya ya kashe inji.

Alhaji ya leƙa agogo. “Mi an na tsayawa? Ga allura nan ko tsakiya ba ta kai ba. Wanga shirmen Mamman ne. Tada mota, ina da mutane suna jirana.”

Ni kaina na fara shakka. Na tuna gwajin farko, na ce ko na sake yin wata gaggawar. Baba Nomau ba ya ganin allurar, bai san ko gaskiya Alhaji ya faɗa ba, kuma gaskiyar ya faɗa, don na miƙa wuya na gani. Ya zauna hannunsa a kan makulli. Sai ya zare shi, ya miƙa wa Alhaji a tafin hannu.

“Alhaji, motarka ce. In tahiya za a yi, ga shi. Ni dai ba ni tada ta sai na buɗe bonet.”

Alhaji ya karɓi makullin, ya fita ya buga ƙofa. Muka fito duka. Baba Nomau ya naɗe hannunsa da tsumma ya ɗaga bonet, zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanda. Na durƙusa na leƙa ƙasa. Tiyon ƙasa ya tsage tsawon yatsa, ɗigon ƙarshe yana sauka a yashi. Na waiwaya, ga layin jiƙa a kan kwalta ya miƙe baya iyakar ganin ido. Lagireto babu ko cokali. Allurar ta sauka ne don abin da ke ba ta labari a cikin ruwa yake zaune, ruwan kuwa ya tafi. Na tofa yawu a kan injin, ya yi cuu ya ɓace. Da mun ƙara ko zuwa bishiyar da ke gabanmu, da a kan duwatsu motar za ta ƙare.

Alhaji ya sunkuya ya ga tsagar da idonsa. Ya miƙe, ya dubi layin ruwan, ya dubi makullin da ke hannunsa. Hajiya Kulu daga nesa ta ce, “To wai kwastan ɗin, akwai su ko babu su?” Mai fata ya ce mata ta kwance kayanta ta sha iska, yau inji aka kama.

Muka jira ƙarfe ya huce. Na yanke wurin tsagar, na naɗe da tib, na ɗaure da waya. Wasu Fulani da ke shayar da shanu a wata rijiya can gefe suka ba mu ruwa a jarka, duk da irin wuyar da yake yi a shekarar. Baba Nomau ya rinƙa zubawa kaɗan-kaɗan yana bismilla. Da ya cika, ya goge hannunsa, ya koma gefe ya tsaya. Alhaji ya zagayo ya kama hannun nasa, ya sa masa makullin, ya rufe yatsun a kai.

Murɗawa ɗaya ta tashi. Babu hayaƙi, babu ƙara, akwatin shiru. Muka hau kwalta. Alhaji ya juyo ya tambaye ni ko zan iya yi wa sauran motocinsa irin wannan. Na ce akwatin guda ne a duk ƙasar nan, amma kuka ba sai na Bature ba, ƙaramin hon na babur ma zai yi. Mai fata ya ce shi ma ƙanensa yana da mota. Aikin da ya ciyar da gidana ke nan har aka buɗe boda.

Mun yi tafiya kaɗan sai Alhaji ya ce, “Nomau, yanzu allurar tana ina?”

Dattijon ya kafe idonsa a kan hanya. Bai juyo ba.

“Alhaji, duba muna. Ni hanya nika kallo.”

Alhaji ya daɗe yana kallon gefen fuskarsa. Sannan ya karkata a hankali ya leƙa agogon.

“Tana tsakiya,” in ji shi. Ya gyara hularsa ya jingina. “Daga yau wanda duk yaz zauna nan shi ka duba ma. Kai dai riƙe muna hanya.”